Zomo Ɗaya Ya Rage

Zomo ɗaya ya mutu, ɗaya ya rage. Da safiyar Laraba aka gano hakan a bayan gidan Baba Philemon, tsohon saja da ke zaune shi kaɗai a gefen garin Zuru, kan hanyar Dabai.

Zomayen, Fari da Kunnuwa, na jikarsa Joyce ne, 'yar shekara tara, wadda uwarta ta koma Kaduna da ita a watan Satumba. Gidan hayarsu ba shi da fili, sai aka bar masa su a akurkin katako. Tun daga lokacin, duk Lahadi bayan an tashi coci wayarsa takan yi ƙara. Joyce takan gaishe shi a gurguje, sannan ta ce, "Kaka, Fari ya ci? Kunnuwa fa?" Sauran kwana shidan, wayar shiru take.

Da sanyin Disamba ya sauko daga duwatsu, ya yi musu abin da yakan yi wa marigayiya matarsa idan sanyi ya shiga gwiwoyinta. Ranar Talata da yamma ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin akurkin. Ya ƙara da tsohon tamfol ɗinsa na soja, ya lulluɓe har ƙasa, ya danne gefuna da duwatsu. Ko kafar iska bai bari ba.

Da gari ya waye, ya ɗaga gefen tamfol ɗin, ya tarar Fari ya sandare. Kunnuwa na kwance a lungu, tana haki.

Maƙwabciyarsa Rebecca, mai kiwon kaji, ta leƙo ta katanga ta ga kaskon.

"Baba Saja, gashi ka shirya ne? Ai da ka faɗa na kawo yaji."

Bai yi dariya ba. Sai ta zagayo, ta yaye tamfol ɗin.

"Zomo da bargonsa yake yawo, Baba. Hayaƙi ne ya shaƙe shi. Iska mai bugowa da laima kawai za ka kare musu."

Tare suka ɗora akurkin kan bulo huɗu, suka juya bayansa ga gabas. Ta cusa busasshiyar ciyawa ciki, ta rataya buhu a gefe uku, ta bar gaba a buɗe.

"Ƙanena a Dabai yana da farare," ta ce tana kakkaɓe hannu. "In karɓo maka ɗaya? Yarinya ce, ina za ta gane?"

"In na faɗa mata gaskiya, me za ta kira ta tambaya?"

"To in karɓo?"

Ya binne Fari a gindin mangwaro, ya dawo ya zauna kan benci yana kallon akurkin.

Saura kwana huɗu Lahadi. Har azahar, Kunnuwa ba ta taɓa ganyen dankalin da ya ajiye mata ba.