Ƙwai Ɗari Shida Sun Dahu

"Buɗe injin! Na ce ka buɗe!" in ji tsohon surukin Farfesa.

Farfesa ya ja ƙofar injin ƙyanƙyasar, zafi ya daki fuskarsa. Allon sama na nuna digiri talatin da bakwai, daidai yadda ake so. Amma ma'aunin hannu da surukinsa ya cusa ciki ya haura arba'in da huɗu.

Tsohon ya fasa ƙwai ɗaya a gefen tire, ya miƙo masa.

"Ga shi, ka sa gishiri. 'Yan tsaki na nema, ka buɗe mini wurin shayi."

"Baba, wataƙila waya ce ta..."

"Ni da na bi masu kiwon kaji gida gida ina cewa surukina ne ya ƙera?"

Farfesa ya sunkuyar da kai. Ya san ba waya ba ce.

Kafin azahar ya isa shago da allon injin a jaka. Abokiyar aikinsa, wadda ake kira Mai Gilashi, ta jona allon da kwamfuta, ta buɗe fayil ɗin auna zafi. Ta daɗe tana kallo.

"Farfesa, mene ne wannan?"

Ya san ko mene ne. Don a gane zafi daga abin da ma'aunin injin ya aiko, sai an yi lissafin logaridim. Kwamfailar da ke juya umarninsu zuwa yaren ƙaramin cip ɗin da ke sarrafa injin kuwa tsohuwa ce, ba ta zo da logaridim ba. Ranar da ta ƙi aiki, sai ya rubuta nasa na layi uku, ya gwada da zafin ɗaki, ya ga daidai. A saman ma ya rubuta: "Na wucin gadi."

"Wucin gadi wata huɗu?" Ta cire gilashinta. "Abin naka a digiri ashirin da biyar kawai yake faɗin gaskiya."

"Na nemi wani ban samu ba."

"Duba saƙonninka."

Ya duba. Ga saƙonta nan, ba a ko buɗe fayil ɗin da ke ciki ba. Ita ce ta tono shi tun lokacin: fayil ɗaya, tarawa da ninkawa zalla, ba ruwansa da irin kwamfaila, wanda ya rubuta ya ce kowa ya ɗauka. A ƙasa kuma ga amsar da ya ba ta: "Ni ba na cin ragowar wasu."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Mai Gilashi ta saka fayil ɗin, ta tsoma ma'aunin injin a ruwan ɗumi. Allo ya nuna talatin da bakwai, ma'aunin hannu ma haka.

"Zan gaya wa Baba laifina ne," ya ce a hankali.

"Madalla. Injin nawa ka fitar da wannan lissafin?"

Kafin ya buɗe baki mota ta tsaya a ƙofa. Wani dogon mutum da ba su taɓa gani ba ya shigo rungume da kwali, warin ruɓaɓɓen ƙwai na biye da shi. Ya dire shi kan tebur.

"Sannunku da aiki. Wane ne Farfesa a cikinku?"