Shamuwar Malam Jalo

"Sun zo?"

Hajja Bintu ko sallama ba ta ƙarasa ba, ƙafarta ɗaya na waje, kwanon masa a hannu, tambayar ta tare ta. Malam Jalo na kwance kan katifa a ɗakin da ke jikin zaure, ɓarin jikinsa na hagu a shanye, baki ya karkace, amma idanun nan tar kamar na yaro ranar sallah.

"Haba Malam, a bari mutum ya zauna mana. Ina kwana? Ya jiki?"

"Jiki na nan inda kika bar shi jiya. Na ce sun zo?"

"Tukuna."

Ya sauke ajiyar zuciya ya kalli silin. "Sun makara bana. Ko wani abu ya same su a hanya?"

Shamuwa yake tambaya. Duk wanda ya zauna a layin nan na Ɗan Iya ya san tsamiyar bayan gidan Malam Jalo. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya kai mutum ya rasa inda zai sa kansa, sai a wayi gari baƙaƙen tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu sun sauka a kanta suna ta jidar kara. Daga nan kowa ya san ruwa ya kusa. Shi kuwa Malam tsohon tela ne, tun yana da ƙarfin taka keken ɗinki yake da wata ɗabi'a: duk abin da ya motsa a bayan gidansa sai ya yi masa waƙa. Ƙadangare na da tasa, bushiyar da ke fitowa da magariba na da tata, har hawainiya ya taɓa yi wa baiti yana tsokanarta da tafiyar amarya. Bai taɓa rubuta ko ɗaya ba, a ka suke. Amma babbar waƙa ta shamuwa ce, kowace shekara sabuwa, kuma ba ya buɗe baki sai ya gan su da idonsa sun sauka.

To, ku ji abin da ba a gaya masa ba: tsamiya babu ita.

Hajja Bintu katanga ɗaya ta raba ta da shi, sana'arta masa, kuma tsamiyar nan ta daɗe tana cin ranta. Babban reshe ya ƙetaro har tsakar gidanta. Ta shanya shinkafa, kashi fari fat ya sauka a kai. Ta buɗe ƙullu, haka. Ga ƙarnin kwaɗi da fara da suke kawo wa 'ya'yansu. In ta yi ƙorafi sai Malam ya yi dariya ya ce, "Hajja, baƙi ne, a yi haƙuri da baƙo, tafiya za su yi." Saboda haka da ya faɗi lokacin sanyi aka kwantar da shi asibiti, ɗansa Ladan ya leƙo ya ce yana son jera ɗakunan haya a bayan gida, Hajja ba ta bari ya rufe baki ba. Ta ce ita ta san masu injin yankan itace. Da kanta ta aika aka kira su. Kafin la'asar tsamiya na ƙasa, rabin itacen kuma ya shige madafinta. Da aka sallamo Malam sai aka ajiye shi a ɗakin gaba, wai don masu dubiya, gida ya haɗa baki aka yi shiru.

Shiru kuwa bai hana shamuwa zuwa ba. Wata safiya Hajja na gaban tanda ta ga inuwa ta gilma a kan ƙullunta. Ta ɗaga kai. Ga su nan, sun fi a ƙirga, suna ta kewaya wurin da babu komai. Su yi ƙasa ƙasa, su miƙa ƙafafu kamar za su sauka, sai su sake tashi. Da suka gaji suka jeru a kan kwanon rufi da turken wutar lantarki, suka yi tsuru tsuru. Masa ta ƙone mata a ranar, abin da ba ta saba ba.

Malam kuwa ya fara rage cin abinci. Da ta shiga ta tarar da kunun jiya ko taɓa shi bai yi ba, ƙudaje na bin bakin kofin.

"Sun zo?" Muryar ta yi ƙasa.

Wallahi ba ta shirya ba, bakinta ne ya riga ta. "Sun zo, Malam."

Sai ga mutum yana neman tashi da hannu ɗaya. "Alhamdu lillahi! Yaushe? A wane reshe suka fara?"

"A… a wanda ya ƙetaro wajena."

"Ai na sani! Suna son ki, ke ce ba kya son su." Ya yi dariyar da ta sa yawu ya zubo ta gefen bakin, ta miƙa masa tsumma. "Miƙo masar nan. Hajja, bana ƙafa ta ƙi, idonki zai zama nawa. Ki riƙa duba mini su."

Ya cinye masa tas, ya lumshe ido, can sai ya fara, a hankali, harshen na sarƙewa amma muryar na nan:

"Sannu da hanya, masu baƙar riga,
Ba ku da jaka, ba ku da buta,
Kun ja gajimare tun daga nesa,
Masaukinku na nan, ban ba kowa ba."

Hajja ta ce ta bar wuta a tanda, ta fita da sauri.

Daga ranar aka shiga wani abu. Kullum sai ta kawo labari, shi kuma ya mayar mata da baiti. Don ta sami abin faɗa, dole ta koma kallon tsuntsayen da ta yi shekaru tana jifa da ɓawon rake. A nan ta ga ashe fuskarsu shuɗiya ce, da ɗan ja a gefen ido. Ta ga yadda suke juya wa rana baya da safe su baje fukafukai kamar masu shanya wanki. Waɗannan duk gaskiya take kai masa. Sheƙa da reshe ne kawai take ɗinkawa. Har ta kama kanta tana rera baitocin a gaban tanda, ludayi na tafiya da su.

Ladan ya tare ta a zaure yana murmushi. "Hajja, ashe kin iya haka? Ci gaba, don Allah. Ko ba komai ya bar mu mun huta da kira."

Ta wuce abinta.

Ana haka Andrawus ya zo. Tsohon manomi ne daga ƙauyen Miri, abokin Malam tun zamanin da yake ɗinka wa 'ya'yansa kayan Kirsimeti. Kowace shekara ba ya zuba iri sai ya hau babur ya zo ya ji waƙar shamuwa. Ta ƙofar gaba ya shigo, bai san komai ba. Ya tarar da Hajja a zaune, Malam na rera masa abin da ya samu.

Andrawus ya buga cinya. "Kai, ta yi daɗi! Amma Malam Jalo, yaushe ka fara yi wa baƙi maraba daga kwance? Ni ban san ka da haka ba. Ina Ladan? Mu ɗora ka a kujera, ka gan su, su gan ka."

Hajja ta yi saurin tarewa. "Rana ta take, Andrawus. Likita ya ce kada ya sha rana."

"Wace rana a gindin tsamiya, Hajja? Ladan! Kai Ladan!"

Ladan ya leƙo yana sa hula, ya ce sauri yake, ana jiransa, a bari sai wani lokaci.

"Kullum wani lokaci," in ji Malam. Ya dubi abokinsa. "Ka gani ko, Andrawus? A kafaɗata na riƙa ɗora shi yana leƙen sheƙa. Yau daga nan zuwa bayan gida ya gagare shi."

Fuskar Ladan ta canza. Abin da ya tsana ke nan, a muzanta shi gaban baƙo. Ya cire hular ya jefa kan katifa.

"Haka ka ce, Baffa? To. Baba Andrawus, kama."

"Ladan, ka ji tsoron Allah," Hajja ta ce, ta riƙe masa riga.

"Sake ni, Hajja. Gani yake so. Na gaji da ɓoye ɓoye a gidanmu."

Suka ɗora shi a kujerar roba, hannun da ya mutu na lilo. Suka ratsa tsakar gida, matar Ladan ta saki tsintsiya ta shige ɗaki. Malam kuwa sai murna, har yana gyara murya. Suka shiga lungun da ke kaiwa baya. Tun kafin su fita ya ƙanƙance ido, don lungun nan tun da aka gina gidan bai taɓa yin haske haka ba.

Suka dire shi.

Kututture ne, faɗinsa ya kai tabarma, ya bushe ya tsattsage. Gefe ga tulin yashi, ga bulo an jera har kafaɗa. Rana ta daki wurin, ko inuwar da kaza za ta fake babu. A kan rufin Hajja shamuwa na tsaye a jere, ba motsi.

Andrawus ya ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah. Wa ya yi wannan?"

Malam ya zura ido. Ya dubi kututturen, ya dubi sama inda rassa suke a da, ya daɗe. Sannan ya juyo da wuya da ƙyar.

"Hajja. Ina reshen naki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tambaye ta da kyau, Baffa," in ji Ladan. "Kada a ɗora mini ni kaɗai. Ita ta kawo masu inji. Masar nan da kake ci kullum kana sa albarka, da itacen tsamiyarka ake toya ta."

"Kai, yaro, ya isa!" Andrawus ya daka masa tsawa.

"Ƙarya na yi? Ga ta nan."

Malam ya ci gaba da kallon Hajja. Ba harara, ba komai, kallo kawai. Can ya gyaɗa kai.

"Shi ya sa take daɗi," ya ce. "Ku mayar da ni."

Andrawus bai tsaya shan ruwa ba. A bakin ƙofa yana tada babur yana share ido da hannun riga, yana cewa da ya sani da ƙafarsa ta karye a hanya.

Washegari Hajja ta sayo gawayi, ta toya masa a kansa, ta kai. Ta yi sallama ta tsaya, kunnenta na jiran tambayar nan. Ba a yi ta ba. Malam ya sa an juya shi yana fuskantar bango.

"Malam, da gawayi na yi wannan."

Bai juyo ba.

"Malam, don girman Allah ka yafe mini."

"Ja ƙofar in za ki fita," ya ce da bangon. "Haske ya yi yawa."

Maganarsa ta ƙarshe da ita ke nan. Ba a kai Juma'a ba ya cika, bayan azahar, matar Ladan ce ta shiga da kunu ta tarar.

A zaman makoki, daga inda mata suke ana jiyo maza a ƙofar gida. Wani ya ce mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, sai dai ya ƙarar da baki a kan tsuntsaye da ƙadangaru. Wani ya ce a tuno ko baiti ɗaya mana. Aka kama wannan, aka kama wancan, babu wanda ya kai ƙarshen layi, sai aka ɗan yi dariya ƙasa ƙasa aka shafa fatiha. Waƙar bana kuwa duk tana bakin Hajja, daga farko har inda ya tsaya. Ta ja mayafi ta rufe bakin. Wa za ta rera wa, kuma ta ce a ina ya gan su?

Ba a yi sadakar bakwai ba magina suka zo. Hayaniyarsu ta kori yawancin tsuntsayen, suka yi wajen Miri. Biyu ne suka ƙi tafiya. Suna ta kawo kara suna ɗorawa a kan kwanon rufin Hajja, karan na zamewa, suna sake kawowa.

Da hantsi tana zaune gaban tanda ta ji wani abu na gangarowa a kan kwanon, ƙur ƙur ƙur, a hankali. Ya zo baki, ya faɗo kusa da turmi.

Ƙwai ne. Ya fi na kaza kaɗan, ya fashe gida biyu, gwaiduwar na malala a kan siminti mai zafi. Uwar ta matso bakin rufi ta karkata kai tana leƙe. Hajja ta ajiye ludayi, ta ɗebo toka a cikin murfin kwano, ta je ta tsuguna. Kafin ta zuba, tururuwa har sun fara layi.