Hannun Kaltuma a Jikin Hawiya

Ni na fara ganin hawiya a unguwar Ƙurban kafin kowa. Ban yi boko ba, amma na tsallake bahar, tekun nan, a jirgin katako, na binne sa'o'ina duka, kuma idona bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Maƙwabcina Maigandi ne ya ƙera ta da tsohon tankin ruwa. Ƙaton akwatin ƙarfe ne, masu gini su ɗauka haya su zuba ɓaraguzai, mota ta zo ta kwashe. Ranar da ya shafa mata koren fenti, matarsa Kaltuma ta kawo masa shayi, ta yi tuntuɓe, ta dafa gefen. Tafin hannunta ya fito raɗau, yatsu biyar.

"Kin ɓata mini aiki," in ji shi.

"Na sa maka hannu dai. Kai da ba ka iya rubuta sunanka ba."

Bai goge ba. Bayan shekara shida ta rasu, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a, inda ba a rubuta suna a kabari. Ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba ko sau ɗaya. Sai ya zamana duk inda aka kai hawiyar nan haya, Maigandi zai bi ta da sassafe, wai duba ta yake yi. Ya ɗora tafinsa a kan nata, ya koma.

Can sai baladiya, hukumar gari, ta fito da doka. Kowace hawiya sai da ruksa, takardar izini ke nan, a shafe ta da fenti ruwan ɗorawa, a rubuta lamba. Wadda ba ta cika ba, a ɗauke.

Maigandi ya shafe ta da kansa, ya bar wurin hannun kamar faɗin faranti. Muraƙibi, mai duba wa baladiya aiki, ya zo, ya zagaya, ya nuna da biro.

"Ya ammi, baffa, wannan koren fa?"

"Ɗan kaɗan ne."

"Nizamin hukuma bai san kaɗan ba. Zan dawo Laraba."

Ran Laraba Maigandi ya tafi ofishinsu tun da safe, zai roƙi mudir, shugaban ofishin. Ya bi layi har azahar, aka ce mudir na taro. Da ya dawo, daga bakin lungu ya hango hawiyar tana ƙyalli. Ali, mijin 'yarsa, na wanke burushi yana murmushi.

"Baba, idonka ya fara gajiya, ka tsallake wani wuri. Na cike maka, har sau biyu na bi. Muraƙibi ya zo, ya sa hannu. Mabruk, barka."

Ya miƙa masa takardar. Maigandi ya karɓa, ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallon gefen hawiyar nan.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce.

Bai taɓa gaya wa Ali abin da ya rufe ba. Ya daina bin hawiyar da safe, kuma bai kai wani azumin ba.

Tana nan bayan garejin Ali, lamba ɗaya. Mai ganin ƙarya nake yi, ya je ya rufe ido ya shafa gefen hagu, daidai ƙirji. In bai ji yatsu biyar a ƙarƙashin fentin ba, ya zo ya aske mini gemun nan.