Kwalbar Mai Haƙar Rijiya

Baba Suma'ila ya yi shekara arba'in yana haƙar rijiya a ƙasar Guna. Da tsufa ya zo idonsa ya tafi, amma harshensa yana nan. In aka kawo masa ruwa a ludayi sai ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce wannan na Mirriya ne, wannan kuwa akwai kanwa a ƙarƙashinsa.

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, aka zaɓi ɗansa Alkasum, mushen lekol, wato malamin makarantar boko, a Damagaram, cikin malaman da za su je Faransa ƙaro ilimi na wata uku. Ranar da ya je yin ban kwana, tsohon ya laluba ƙarƙashin gado ya jawo wata kwalba mai marfi.

"Wani tsohon soja ya ce mini a can akwai tafki bisa ƙwanƙolin dutse," in ji shi. "Ni ban yarda ba. Ruwa gangare yake bi. In gaskiya ne, ka ciko mini in ɗanɗana kafin in bar duniya. Ban da gora, gora tana sa wa ruwa ɗanɗanonta."

"In Allah ya so, Baba."

Wata uku suka kusa cika Alkasum bai ga tafkin ba. Sai a Lahadin ƙarshe ya samu labarin wani gandun daji da gwamnatin can ta keɓe a manyan duwatsu, da tafki a can sama. Ya tayar da abokinsa Mutari, wanda suka yi lekol tare tun suna yara, mutumin Zango mai tumbi da yawan magana.

"Ni da ko dutsen unguwar Birni ban taɓa hawa ba?" in ji Mutari. Amma ya ɗaura takalmi.

Kafin su fita Alkasum ya tara kwalbar a famfo ya cika ta fal. Mutumin Damagaram ba ya kama hanya da mazubi babu ruwa, bai ma tsaya tunani ba.

Mota ta ajiye su a ƙauyen ƙarshe. Can suka tarar da mai gadin gandun, wani dogon Bature mai gemu har ƙirji, wanda zai yi musu jagora. Nan take Mutari ya raɗa masa suna Dodo. Dodo ya karanta musu doka da Faransanci: ba a tsinkar fure, ba a farauta, ba a barin hanya.

Suka kama hawa. Da farko cikin dogayen itatuwa masu ƙanshin turare, sannan itatuwan suka ƙare, sai ciyawa kore shar kamar tsakiyar damina. Wata dabba mai kama da gafiya ta miƙe bisa dutse ta yi musu fito.

"Ka ga rashin kunya!" in ji Mutari. "Da a Zango ne, da tuni tana cikin miya."

"Doka, Mutari."

"Ai na ji. Kallo kawai nake, yawuna ne bai ji Faransanci ba."

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne ruwa. Ko'ina gudu yake, yana faɗowa daga dutse, yana ratsa hanya, ba mai shi, ba layin tulu, ba ɗan garuwa. A ƙoramar farko suka durƙusa suka sha. Haka aka koya musu: in ka tarar da ruwa a hanya ka cika cikinka, ka bar na hannunka, don ba ka san inda na gaba yake ba. A ta biyu ma suka sha. Dodo ya ce akwai wasu a gaba, suka gyaɗa kai don ladabi, suka ƙara sha. Har ƙorama bakwai ba wadda suka tsallake.

Hanya ta miƙe tsaye. Numfashi ya fara yi musu kaɗan, cikin Mutari yana ƙugi kamar salka bisa raƙumi.

"Alkasum, in na mutu a nan ka gaya wa matata Kulu ruwa ne ya kashe ni. Ba wanda zai yarda a Damagaram, amma ka faɗa."

"Taso, malam, ga shi can saura kaɗan!"

Alkasum ne ya fara kaiwa. Ya dafa wani dutse ya ɗaga kai, sai ya tsaya cak.

Tafki ne, kwance tsakanin duwatsu uku, shuɗi kamar zanen da aka tsamo daga marina. Ana ganin tsakuwar ƙasansa ɗaya bayan ɗaya. Can bayansa wata ƙatuwar ƙanƙara, wadda ta fi unguwar Birni faɗi, ta sauko daga kan dutse, bakinta yana ɗiga cikin ruwan.

"Allahu akbar! Mutari! Gaskiya ne! Zo ka gani!"

Mutari ya iso da rarrafe, ya zauna yana kallo. Dodo ya yi musu bayani cewa ƙanƙarar nan ce ta yi shekaru dubbai tana nuƙurƙusar dutse har ta fafe ramin, sannan ta narke ta cika shi. Daga nan ya nuna wani baƙin hadari da ya leƙo ta yamma, ya ce minti goma sha biyar gare su, in ya rufe dutsen ba za su ga hanyar sauka ba.

Alkasum ya yi maza ya zaro kwalbar daga jaka. Cike take fal da ruwan famfo.

"Zubar mana," in ji Mutari.

Ya buɗe marfin, ya karkata ta. Hannunsa ya ƙi. Shi da aka taɓa yi wa bulala yana yaro don ya zubar da rabin moɗa, shi da yake sa 'yan ajinsa su wanke allo da tsumma ɗaya jiƙaƙƙe.

"Ba zan iya ba. Ruwa ne mai kyau, ba abin da ya yi."

"To shanye."

Ya kai baki, ya yi maƙwarwa biyu, ya ji zai dawo. Ya miƙa wa Mutari.

"Ni? Ƙorama bakwai ce a cikin nan. Ko ɗigo ɗaya ya shiga, fashewa zan yi."

"In juye shi cikin tafkin?"

"Ka ɗebo abin da ka zuba? Wallahi Baba sai ya ji famfo a ciki, ya ce ka yi masa ƙarya."

Dodo yana kallonsu yana duba agogo, ya rasa gane abin da ya hana mutum biyu zubar da kwalbar ruwa a bakin tafki. Hadari ya cinye dutse ɗaya cikin ukun.

"Kai dai ka yi ta shawara," in ji Mutari. "Ni bari in yi azahar kafin a ce mu gudu."

Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya tsoma hannu cikin tafkin. Ihun da ya yi sai da duwatsu suka maimaita.

"Wayyo Allah! Wannan ba ruwa ba ne, kunama ce! Ba ni kwalbar nan, ta sha ɗumin bayanka!"

Suka dubi juna, sai dariya ta ƙwace musu. Alkasum ya zuba wa Mutari ya yi alwala, Mutari ya zuba masa, ɗigon ƙarshe ya ƙare a ƙafarsa ta hagu. Ya ɗauraye kwalbar, ya nutsa ta can inda ruwa ya fi haske, yatsunsa suna ƙagewa yana murmushi. Suka yi raka'a biyu ta matafiya, suka gangara da gudu, yayyafi yana bin bayansu.

Bayan mako uku Alkasum ya durƙusa gaban mahaifinsa a Guna, gidan ya cika da 'yan kallo. Tsohon ya kurɓa, ya juya ruwan a baki.

"Babu kanwa, babu laka, babu saiwar itace. Wannan bai taɓa kwana cikin ƙasa ba." Ya sake kurɓa. "Shekarar da aka haife ka an yi ƙanƙara, na tsince ta a ƙwarya. Ita ce wannan, da ɗan dutse-dutse."

"Ita ce, Baba! Wallahi ita ce! Ita ma ta haƙa ramin da kanta!"

"Zurfinsa gaba nawa?"

"Mai gadin ya ce ya fi ashirin."

"A cikin dutse?" Tsohon ya gyaɗa kai. "To, ta iya aiki."

Ya mayar da marfin, ya miƙa wa 'yarsa Barira.

"Juye saura a randa, kowa ya samu. A hankali, kada ki zubar."