Rabon Kifin Zulaihatu

Zulaihatu ba ta bar min ɗa ba, kifi ta bar min. 'Yar Haɗeja ce, kuma tun da aka mayar da ni aiki Dutse bayan an ba mu jiha take cewa garin da babu kogi ba wurin zaman mutum ba ne. Sai ta sa aka gina mata kwarmin siminti a tsakar gidanmu na Takur, ta zuba tarwaɗa. A samansa ta jera rabin duro cike da tsakuwa, ta shuka alayyahu da latas. Kullum da safe takan ɗebi ruwan kifin ta zuba wa ganyen. Ganyen ya shanye ƙazantar, ruwan ya tsatso ya koma wa kifin garau. Na karanta littattafai da yawa a kan zaman tare, babu wanda ya yi bayanin da ya kai wannan.

Bayan sadakar arba'in sai ga yayanta Nata'ala, masunci, tare da malamin rabon gado. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, kowa ya zama masani.

"Miji rabi, tunda babu haihuwa," in ji malamin. Aka raba tufafi da kwanuka, sannan ya leƙa kwarmin. "Wannan mai sauƙi ne. Ɓangare ɗaya ya ɗauki kifi, ɗayan ya ɗauki lambu."

Na ce, "Allah gafarta malam, ganyen nan kashin kifin yake ci. In kifin ya tafi, gawa kuka ba ni."

Nata'ala ya yi dariya. "Malam Isah, kai da kifi? Tun ranar da ka auri ƙanwata ita ke cire maka ƙaya kamar ɗan yaye."

"Ban ce zan ci ba, Yaya. Cewa na yi a bar su."

"Kifi ai ba jika ba ne da za a ajiye ana kallo." Sai ya sassauta murya. "Hajjarmu ce ta aiko ni. Tun rasuwar abinci ba ya wuce mata. Ta ce tana so ta ɗanɗana abin da hannun 'yarta ya ciyar."

Na tanadi hujjoji masu kyau, wasu har da sunan littafi. Babu ɗaya da aka rubuta don uwa.

Nata'ala ya naɗe wando ya shiga kwarmin, ya kwashe kifin cikin baho. Babbar cikinsu sai da ta mare shi da wutsiya. Na gode mata a zuciya.

Latas ne ya fara kwantawa, alayyahun ya bi shi, ya koma ruwan ɗorawa. Maƙwabciyata Huseina ta ce in sayo wasu 'ya'yan kifin, ai duk tarwaɗa ce. Ban saya ba.

Har yanzu da safe ina ɗibar ruwan in zuba a tsakuwar. Yana tsatsowa ya koma kwarmin tas, ya fi na baya tsabta. Babu mai ɓata shi.