Zoɓon Mero a Gaban Dagaci

Ni Mero, har gobe in na tuna ranar sai na ji kamar in shaƙe Ilu, mijina, sannan in yi dariya.

Zamanin Turawa ne. Muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Jajaye, ƙasar Rogo, mu 'yan tsirarun gidaje da suka bi addinin Almasihu. Muka yi 'yar bukka ta kara a bayan gari, nan muke addu'a ranar Lahadi. A cikin ibadarmu akwai Jibin Ubangiji, inda ake gutsura gurasa a zagaya da ƙoƙo ɗaya kowa ya kurɓa. A birni, an ce, ruwan inabi ake sha. To, wa ya ga inabi a Jajaye? Ni ce ke dafa zoɓo, ja wur.

Wata Lahadi maƙwabciyata Barira, wadda ba a raba ta da leƙe, ta zo neman kazarta ta sa ido a ramin zana. Ta ga jan abu a ƙoƙo, ta ji Ilu yana karanta, "Wannan jinina ne." Kai! Kafin azahar maganar ta kai kasuwa: Kiristoci jini suke sha. Kafin la'asar har an fara ƙirga awaki.

Dagaci Aƙilu ya aiko a kira mu. Ɗan aike bai ɓoye ba, ya ce in abin ya tabbata za a rushe bukkar, mu kuma mu nemi wani gari. Ga dawarmu ta kusa nuna! Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni.

A hanya Gwadabe, ƙanen Ilu, ya ce, "Yaya, ka ce zoɓo ne kawai muka sha don ƙishirwa. Maganar jini kuwa, ka ce kunnen Barira ne."

Na ce, "Wallahi shawara ke nan. Maigida, ka ji ko?"

Ilu ya ƙara sauri. Ni kuwa na san saurin nan nasa, ba na alheri ba ne. Na ƙara riƙe tulun ragowar zoɓon da na ɗauko.

Muka tarar da ƙofar gidan dagaci cike. Muka durƙusa muka yi gaisuwa, aka tambayi gida da gona da gajiya. Barira ta zayyana abin da ta gani, har da kama haɓa.

Dagaci ya ce, "Ilu, ka faɗi wannan magana ko ba ka faɗa ba?"

"Ranka ya daɗe, na faɗa. Barira ba ta yi ƙarya ba."

Wayyo! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwadabe ya dafe kai. Mutane suka hau salati.

Ilu ya ci gaba, ko gezau. "Abin da ke cikin ƙoƙon zoɓo ne, Mero ta dafa. Maganar kuwa ta Isa Almasihu ce, ya faɗa wa almajiransa don su riƙa tunawa da shi. Mu mun gaskata ya mutu dominmu ya tashi. Na san ku ba haka kuka karanta ba, ranka ya daɗe, amma ba zan sauya abin da na yi imani da shi don in tsira da bukka ba."

Dagaci ya dube shi ya daɗe. Sai ya ce a miƙo tulun. Ya zuba, ya shinshina, ya kurɓa, jama'a na kallon maƙogwaronsa.

"Zoɓo ne," in ji shi. "Kuma ba citta."

Wurin ya fashe da dariya. Ni? Ni Mero, a ce zoɓona ba citta a gaban gari? Na buɗe baki, Gwadabe ya taka mini ƙafa.

Dagaci ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Tun kafin Barira, na taɓa biyowa ta bayan bukkarku daga gona, na ji maganar nan da kunnena. Yau jira nake ka musa, da ka musa kuwa, da hannuna zan fara cire zanar. Ilu, addininka ban yarda da shi ba. Amma bakinka na yarda da shi. Ku je ku girbe dawarku. Sai dai ku riƙa ɗage asabarin ƙofa, kada idon Barira ya lalace a ramin zana."

Muka kama hanyar gida, ni da Ilu. Fushi nake da shi, kuma kunya nake ji, don na san da shawararmu ya bi, da a ranar muna ɗaure kaya.

Da Lahadi ta zagayo muka ɗage asabarin. A bakin ƙofa na tarar da ƙullin citta a ganye, Barira kuwa tana can gindin ƙuka, wai kazarta take nema.