Wayar Kunkuru

Gogo Raudatu tana durƙushe tana shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a cikin baho, kunkuru huɗu na yawo kusa da ƙafafunta, sai ta ji gyaran murya a zaure. Alhaji Lawal ne, mai gidan da take haya a unguwar Luggere ta Jimeta, mutumin da bai taɓa shigowa don gaisuwa kawai ba.

"Jam na, Gogo?"

"Jam, Alhaji. Ga shi ina kwashe su, ba sai ka tuna mini ba."

Ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar gida, gaban abokan hirarsa, ya ce wai tsohuwar nan 'yar Mubi tsafi take yi da kunkuru, don haka ko su bar gidan ko ita ta bar shi. Tsafi fa, matar da ba ta mallaki komai ba sai tukunyar awara da carbi. Abin da ya faru kuwa bai wuce wannan ba: wata rana ta tsinci kunkuru a bakin titi, mota ta fasa masa ƙoƙon baya. Ta wanke da ruwan gishiri, ta shafa zuma, ta ɗaure da tsumma, ya warke. Shi ke nan, duk wanda ya ga rabin gawar kunkuru a Jimeta sai ya kawo mata.

Alhaji ya waiga ya ga babu kowa, ya rage murya.

"Wannan babban, mai huda a gefe. Shi nake so."

Ta ɗago ta dube shi.

"Shagona ya tsaya, Gogo, yarana ba sa rabuwa da ciwo. An ce hannu aka sa mini. An ce in samu kunkuru in ɗaure a tsakar gida, zai tare duk abin da aka aiko. Wannan ga hudarsa a shirye. Ki bar mini shi da wayarsa, ɗaki kuma ki zauna har ranar da kika gaji."

Wayar tana nan rataye a ƙusa, duk tsatsa. A wani gida ta kwance ta da rani, bayan masu gidan sun tashi sun bar shi ɗaure a gindin famfon da ba ya kawo ruwa. Sun huda gefen ƙoƙonsa sun zura ta, ta ci wurin har ya fara wari. Sai da damina ta sauka kafin ya yarda ya ci gwanda a gabanta.

Tayin ya shige ta, gaskiya. Ɗakin nan shi ne abu na farko da ta rufe da makullinta tun shekarar da aka ci Mubi, ta fito a ƙafa, mijinta Najmuddeen ya koma ɗauko akuyoyi bai dawo ba. Ta yi zaman sansanin 'yan gudun hijira, ta san daɗin ƙofa. Kunkuru ɗaya ne fa kawai, in ji wata zuciyar.

"Na ji, Alhaji," ta ce. "Zan kawo maka rabonka da la'asar."

Ya fita yana murmushi. Ita kuwa ta ɗaga babban ta sa a baho tare da sauran, ta zare wayar daga ƙusa ta ƙulle a gefen zane.

Ya'u mai keke mai ƙafa uku ya ɗaure bahon a baya yana dariya. "Gogo, me ya kai mu Namtari da wannan rana? Ga Binuwai kusa, mu juye su daga kan gada mu dawo."

"Kai ma in juye ka daga kan gada? Na tudu ne, ba kififiya ba. Nutsewa za su yi kamar dutse. Ja mu tafi, sarkin surutu."

Suka bar Jimeta da hayaniyarta, suka bi hanyar Namtari, masara ta yi kore shar dama da hagu. Duk ramin da keke ya faɗa sai ta dafa bahon, tana yi wa Ya'u faɗa kamar ƙwai ya ɗauko.

Edna ta tare su a bakin gona da fartanya a kafaɗa. 'Yar Michika ce, a hanyar gudu suka haɗu, suka sha ruwa a gora ɗaya, tun daga nan ba su rabu ba. Bayan gonarta akwai kurmin da ba a nomawa, ga inuwa, ga ruɓaɓɓen ganye, ga dodon koɗi ko'ina.

"Nan babu mai taɓa su," in ji Edna. "Na gaya wa mutanena, wanda ya ci kunkurun Raudatu ya ci ni."

Raudatu ta sake su a bakin kurmin. Ƙananan ukun ba su ko yi sallama ba, suka shige ciyawa. Babban ya miƙa wuya, ya yi taku kaɗan, sai ya karkata hagu. Ya ci gaba da karkata har ya dawo inda aka ajiye shi. Ya sake tafiya, ya sake zagayowa. A ɗan tsakar gidanta ba ta taɓa lura ba, don wurin ma bai fi haka ba. Nan kuwa ga daji a buɗe, shi yana zagaye daidai tsawon wayar da babu ita.

Raudatu ta zauna a ƙasa daɓas. Haushi ya kama ta har hawaye suka zubo. Ita ma haka take tun da ta zo Jimeta: daga ɗaki zuwa bakin titi, daga bakin titi zuwa ɗaki, kai a sunkuye, kada a ce baƙuwa ta yi rashin kunya.

"Wallahi ba ka isa ba," ta ce da shi. "Ba don wannan na ƙarar da zumata ba."

Ta tsinke gwanda ta ajiye can gaba da inda yake juyawa. Ya zo gaɓar zagayen nasa, ya tsaya, wuya a miƙe. Ya'u zai yi magana, Edna ta harare shi. Can sai kunkurun ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Ya ci gwandar a natse, ya wuce gaba bai karkata ba, ciyawa ta rufe shi.

Da Edna ta ji yadda aka yi da Alhaji, ta ce, "To ki zauna nan mana. Ɗakin da nake zuba masara babu kowa."

"Ki share mini shi, ko da zan buƙata. Amma ba zan bar Luggere ta ƙofar baya ba."

La'asar sakaliya suka iso. Alhaji Lawal na zaune kan benci a ƙofar gida tare da abokan hirarsa, waɗanda dai ya yi jawabin tsafi a gabansu. Ya leƙa bahon ya ga wayam. Fuskarsa ta canja.

Raudatu ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali. Sannan ta kwance gefen zane, ta miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Ga rabonka, Alhaji. Shi mai wayar ya tafi. In kuma har yanzu ana son in tashi, to a faɗa mini dalili a nan, gaban dattawa, ni ma in faɗi abin da na sani."

Wani mai farin gemu ya sa baki. "Wayar mece ce wannan, Alhaji?"

Alhaji ya dunƙule ta da sauri ya cusa a aljihu, tsatsa ta ɓata masa farar shadda.

"Ta shanya ce," ya ce. "Shiga abinki, Gogo, wa ya ce ki tashi?"

Ta ɗauki bahonta ta shige. Ya'u ya leƙo zaure ya ce, ai ya manta, akwai wani kunkurun a garejinsu, an taka masa ƙafa.

"Kawo shi," ta ce, da ƙarfin da za a ji daga benci. Ta ɗora ruwan gishiri a wuta.